Sauyin Yanayi ne ko Sakaci? Abin da Bincike Ya Gano Kan Ambaliya, Fari da Juriyar Talaka

Duk lokacin da ruwa ya ci gari, tun ba a gama ƙirga mamata ba, za ka ga jami'i ya tsaya gaban 'yan jarida yana cewa sauyin yanayi ne. Mutanen unguwa su ce babu wani sauyin yanayi, madatsa ce aka ƙi gyarawa, magudanai ne suka cushe. Wasu kuma su ce ƙaddara ce, su rufe zancen. To wa ya fi gaskiya? Su kuma malaman jami'a da cibiyoyin da ke binciken yadda al'umma za ta jure wa fari da ambaliya, me suka gano da zai amfani manomin Ringim ko masuncin Baga?

Wannan bincike ba sabo ba ne a wurinmu. Ya haura shekara 50 ana yin sa a ƙauyukan Kano, Katsina, Maraɗi da bakin Tafkin Chadi, har ma wasu daga cikin abubuwan da duniya ke koyarwa yau a kan batun daga gonakinmu aka ɗebo su. Abin da yake ta maimaitawa shi ne, lallai sama ta canja, amma wanda zai mutu da wanda zai talauce, a ƙasa ake yanke wannan hukunci.

Abubuwan da ake yawan cakuɗawa

Akwai rage hayaƙin da ke ɗumama duniya, wato na man fetur, kwal, gas da ƙone dazuzzuka. Nauyin wannan ya fi hawa kan China, Amurka, Turai da Indiya, domin duk Afirka ba ta fitar da fiye da kashi 4 cikin 100 na hayaƙin. Sannan akwai daidaita rayuwa da yanayin da ya riga ya canja: sauya iri, sauya lokacin shuka, tare ruwa, ɗaga gini, tashi daga bakin kogi. Na biyun nan shi ne namu, ko mun so ko mun ƙi.

Masana bala'o'i kuma suna cewa sai abu uku sun haɗu kafin a sami bala'i. Na farko haɗarin kansa, ruwa mai yawa ko fari ko tsananin zafi. Na biyu a ce akwai mutane da dukiya a kan hanyarsa. Na uku rauni, wato rashin abin kare kai. Gida biyu a layi ɗaya, ruwa ɗaya ya shige su. Ɗaya na bulo ne, mai shi ɗan albashi, yana da ɗan'uwa a tudu da zai sauke shi. Ɗayan ginin ƙasa ne, duk abin da mai shi ya mallaka yana cikin rumbu da turke. Bayan wata uku na farko ya yi fenti ya koma, na biyu yana sansani.

Juriya kuwa, a wurin masu bincike, ba haƙuri ba ne. Ita ce iyali su sha bugu su tashi ba tare da sun sayar da abin da za su ci da shi gobe ba. Shi ya sa tambayoyin da suke yi a ƙauye suke da saukin ji: wata nawa hatsinku ya kai? Kun sayar da shanun huɗa? Kun jinginar da gona? An cire yaro daga makaranta?

Me ya canja a sama

Dattawa ba su yi ƙarya ba da suke cewa damina ba kamar da ba. Shekarun 1950 da farkon 1960 shekarun ruwa ne a yankin Sahel. Daga ƙarshen 1960 ruwa ya ja baya, aka yi babban fari na 1972 zuwa 1974, aka sake na 1983 zuwa 1985. A lokacin, laifin a kan talaka aka ɗora shi. A 1975 wani masanin yanayi Ba'amurke, Jule Charney, ya kawo ra'ayin cewa yawan kiwo da sare itatuwa ne suka tsiraita ƙasa har ta daina jawo hadari. Gwamnatoci da masu ba da tallafi suka riƙe wannan da hannu bibbiyu, aka tsananta dokokin daji, aka mai da makiyayi da mai saran itace abokan gaba. Sai a 2003 Alessandra Giannini da abokan aikinta suka nuna cewa canjin ɗumin ruwan tekuna ya isa ya bayyana mafi yawan wannan fari. Binciken da ya biyo baya ya ƙara da cewa hayaƙin masana'antun Turai da Arewacin Amurka, wanda ya sanyaya arewacin tekun Atlantika, ya taimaka wajen tura ruwan kudu. An shekara kusan 30 ana hukunta wanda ba shi ne babban mai laifi ba.

Daga shekarun 1990 ruwa ya fara dawowa, amma da wani hali daban. Wani bincike da Christopher Taylor ya jagoranta, wanda aka buga a 2017 bayan nazarin hotunan tauraron ɗan'adam na shekara 35, ya gano cewa manyan hadura masu tsananin ƙarfi a Sahel sun ninka sau 3 tun 1982, kuma ya danganta hakan da ƙaruwar zafin Sahara. Wannan ne ya warware abin da ke ɗaure wa mutane kai, yadda gari ɗaya zai yi kukan fari a watan Yuli, ya yi kukan ambaliya a Agusta. Jimillar ruwan shekara na iya zama daidai, amma ya sauka cikin 'yan kwanaki, a kan ƙasar da ta bushe ta ƙeƙashe, ya gudu bai shiga ba.

Yanzu ma har ana iya auna rabon ɗumamar duniya a cikin bala'i guda. Ƙungiyar masana ta World Weather Attribution ta duba ruwan 2022, shekarar da ambaliya ta kashe fiye da mutum 600 a Najeriya ta raba kimanin miliyan 1.4 da gidajensu, ta ce ɗumamar duniya ta ninka yiwuwar irin wannan damina a yankin Tafkin Chadi kusan sau 80, ta ƙara mata ƙarfi da kimanin kashi 20 cikin 100. Saboda haka mai cewa babu sauyin yanayi bai duba alƙaluma ba.

Alau, Mokwa da Lagdo

Sai dai wannan rahoto bai tsaya a sama ba. Ya lissafa gine-gine a kan hanyar ruwa, talauci, rikici da yadda ake tafiyar da madatsu a matsayin abin da ya mai da ruwa bala'i. Nan ne mai cewa sakaci ne yake da tasa gaskiyar.

Madatsar Alau, wadda aka gama a tsakiyar shekarun 1980 a kan kogin Ngadda, ta taɓa cin Maiduguri a 1994. Da ta sake ɓallewa a daren 9 ga Satumba 2024, wayewar garin 10, ruwa ya shiga Gwange, Kasuwar Monday, fadar Shehu da asibitin koyarwa, ya rushe katangar gidan yari, ya raba ɗaruruwan dubban mutane da muhallinsu. Da yawa daga cikinsu 'yan gudun hijira ne da rikicin Boko Haram ya riga ya kora sau ɗaya, suka zauna a filayen da babu mai so saboda kwari ne. An yi ruwa mai yawa a shekarar, babu musu, har a Nijar ya kashe fiye da mutum 300 ya rushe tsohon masallacin Birni a Damagaram. Amma madatsa mai shekara kusan 40, mai tarihin ɓallewa, a saman birni mai mutum fiye da miliyan ɗaya, ba ta buƙatar masanin yanayi ya ce a riƙa duba ta.

A Mokwa ta jihar Neja, ranar 29 ga Mayu 2025, ruwa ya afka wa Tiffin Maza da Unguwar Hausawa da asuba, mutane na barci, ya kashe fiye da 150. Ko damina ba ta kankama ba.

Madatsar Lagdo kuma ta zama abin jingina laifi. Kamaru ta gama ta a 1982 a kan Binuwai, aka yi ta maganar Najeriya za ta gina ta Dasin Hausa a Adamawa don ta tare rarar ruwa, har yau ba a gina ba. Duk da haka masana ruwa sun sha nuna cewa kaso mafi tsoka na ruwan da ke cika Binuwai daga rassansa na cikin Najeriya yake fitowa, irin su Gongola, Taraba, Donga da Katsina-Ala. Ɗora komai a kan maƙwabci yana da daɗin faɗi, ba ya kuma buƙatar kasafin kuɗi.

Gardamar Mortimore da Watts

A ganina babu abin da ya fi haska wannan batu kamar saɓanin wasu masana biyu da suka yi aiki a ƙasar Hausa a lokaci guda, suka ga abu guda, suka fito da darasi daban.

Michael Mortimore Bature ne ɗan Birtaniya da ya daɗe yana koyarwa a Jami'ar Ahmadu Bello da ta Bayero. Ya yi nazarin ƙauyukan kewayen Kano, inda jama'a suka yi cunkoso har masana na waje suka yi ta hasashen ƙasa za ta mutu. Sai ya tarar ba ta mutu ba. Manoma na zuba taki, suna kwaso toka da shara daga birni a kan jakuna, suna haɗa gero da dawa da wake a gona ɗaya, suna kiwon awaki a gida, suna tattalin itatuwan gona kamar yadda suke tattalin amfanin. Bayan farin 1973 ya bi ƙauyen Dagaceri, a jihar Jigawa ta yau, fiye da shekara 10, yana rubuta yadda gidaje ke tsira: iri kala-kala mai saurin nuna da mai jinkiri, gonaki a wurare daban-daban, saƙar igiya da tabarma, ganyen daji, sai kuma cin rani. Hukuncinsa shi ne manomin Sahel ba jahili ba ne mai lalata ƙasarsa, gwani ne wajen zama da rashin tabbas, kuma abin da ya kamata hukuma ta yi shi ne ta daina tare masa hanya.

Michael Watts kuwa ya zauna a ƙasar Kaita ta Katsina a shekarun 1970, ya kuma tono takardun mulkin mallaka. Bai musa dabarun manomi ba, tambayarsa ita ce, wane manomi? Ya nuna cewa a da akwai abubuwan da ke tare yunwa: gandu, rumbun tsimi, gayya, zakka, da nauyin da ke kan mai sarauta da mai hali na buɗe rumbu idan abu ya ɓaci. Harajin da Turawa suka ce sai da kuɗi za a biya, da noman gyaɗa da auduga don kasuwar waje, suka sassauta waɗannan. Yunwar Kakalaba ta 1913 zuwa 1914 ta zo ana tsaka da karɓar haraji. Ya kuma bayyana tarkon da kowane ɗan ƙauye ya sani: talaka ya sayar da hatsi da kaka yana araha don ya biya bashi, ya dawo ya saye shi da tsada a tsakiyar damina, ya bar gonarsa ya tafi ƙwadago a ta mai kuɗi daidai lokacin da tasa ke buƙatar noma. Idan fari ya zo, matakan a jere suke. A rage ci, a nemi taimakon dangi, a sayar da akuya, a ci bashi, a sayar da sa, a jinginar da gona, a sayar da ita, a bar gari. Matakan farko ana dawowa daga gare su. Na ƙarshe ba a dawowa, kuma wanda ya sayi gonar shi ya fita daga farin da riba.

Duka biyun suna da gaskiya, amma na fi jin tsoron a ɗauki Mortimore a bar Watts. Yabon juriyar talaka abu ne mai arha ga gwamnati. Idan aka ce mutanen nan sun iya da kansu, an sami hujjar barin su da kansu.

Akwai kuma abin da ya canja tun bayan su. Babban makamin da Mortimore ya gani shi ne motsi: mutum ya tafi cin rani, makiyayi ya bi ruwa da ciyawa, hatsi ya tsallaka iyaka. 'Yan Nijar sun san abin da rufe hanya ke yi, shi ya sa suka raɗa wa yunwar 1984 suna El Buhari, shekarar da Najeriya ta rufe iyakarta. An sake rufewa a 2019, an sake a 2023 bayan juyin mulkin Yamai. A Zamfara, Katsina da Sakkwato kuwa 'yan bindiga ne suka rufe hanyar gona da ta kasuwa. Manomin da ba ya iya zuwa gonarsa mai nisa, irin da ke nuna cikin kwana 70 ba zai cece shi ba.

Darasin Maraɗi

Labarin da aka fi ambata a duniya idan ana maganar daidaitawa a busasshiyar ƙasa na Hausawan kudancin Nijar ne. A farkon shekarun 1980 ayyukan dashen itatuwa sun yi ta faɗuwa a can, a dasa dubbai, rani da awaki su cinye. Tony Rinaudo, ɗan Ostireliya da ke aiki a Maraɗi, ya lura a 1983 cewa 'yan tsirran da manoma ke sassabewa kowace shekara ba ciyawa ba ne, tohon kututturan itatuwa ne masu saiwa a raye a ƙarƙashin ƙasa. Idan aka zaɓi reshe biyu ko uku masu ƙarfi aka bar su, aka datse sauran, cikin 'yan shekaru sai ga itace. Babu gandun reno, babu ban ruwa, babu kuɗi. Wannan ne ake kira sassaben zamani. Dabarar ma ba baƙuwa ba ce, manoma sun san ta, abin da ya hana su yi shi ne ya fi muhimmanci.

A ƙarƙashin dokar daji da aka gada daga Faransa, itace na gwamnati ne ko da a gonarka ya tsiro. Ka sare reshe, ma'aikacin daji ya ci ka tara. Wa zai reni abin da zai jawo masa tara? Da ƙarfin ma'aikatan daji ya ragu, aka kuma sassauta dokoki a shekarun 1990 da 2004, manomi ya tabbata gawon da ya rena nasa ne, sai abin ya bazu daga gona zuwa gona. A tsakiyar shekarun 2000 Chris Reij, Gray Tappan da Mahamane Larwanou suka gwada tsofaffin hotunan sama da sababbi, suka ƙiyasta cewa an farfaɗo da kimanin hekta miliyan 5 a Maraɗi da Damagaram, itatuwa kusan miliyan 200. Gawo, sabara, kalgo, aduwa, magarya. Gawo kuwa kowa ya san halinsa, yana zubar da ganye da damina ya bar wa gero rana, ya ba dabbobi 'ya'ya da rani.

Wasu masana suna ja da girman alƙaluman, suna cewa dawowar ruwa ma ta taimaka, kuma ƙarin amfanin gona ya bambanta daga wuri zuwa wuri. Akwai kuma ƙorafin makiyaya, waɗanda itatuwan da da kowa ke sassaka wa dabba yanzu sun zama masu mai. Duk da haka a gwada da Babbar Ganuwar Itatuwa da Tarayyar Afirka ta ƙaddamar a 2007, mai tsawon kusan kilomita 8,000 daga Senegal zuwa Jibuti. Rahoton 2020 ya nuna kusan kashi 4 cikin 100 na burin aka cim ma, har masu shirin suka karkata daga jera dashe zuwa irin abin da manoman Maraɗi suka yi.

Haka abin yake da tassa da rabin wata, ramukan tare ruwa da suka dawo da faƙo cikin noma a ƙasar Tawa. Jenny Aker da Kelsey Jack sun gwada a ƙauyukan Damagaram don su ga me ke hana mutane haƙa rabin wata, rashin kuɗi ko rashin sani. Horo kaɗai ya sa kusan kowa ya gwada, ƙarin kuɗin da aka ba wasu bai canja abu mai yawa ba. Asusun mata ma, wanda ake yi yanzu a ƙasashe da dama, daga Mata Masu Dubara ya samo asali, shirin da ƙungiyar CARE ta fara a Maraɗi a 1991 a kan tsohuwar al'adar adashi.

Gyaran da ke zama ɓarna

Masu bincike suna da gargaɗi a kan maganin da ke warkar da wani ya kwantar da wani. A shekarun 1970, zamanin fari, aka ga mafita ita ce manyan madatsu. Tiga ta 1974 da Challawa ta 1992 sun ba Kano ruwan sha, sun ba Kadawa shinkafa da tumatir. Amma a ƙasa, fadamun Haɗeja da Nguru sun rayu ne a kan ambaliyar shekara-shekara da ke zuwa ta janye, a yi shinkafa, a yi su, a yi kiwo, a yi noman rani a kan laima. Da aka tare ruwan ana sakinsa kaɗan-kaɗan duk shekara, faɗin ambaliyar ya ragu, ciyawar kachala ta toshe hanyoyin ruwa, wani gari ya bushe, wani ya nutse. Edward Barbier da abokan aikinsa sun lissafa a shekarun 1990 cewa amfanin da ruwa ke bayarwa a fadamar ya zarce wanda yake bayarwa a aikin ban ruwa na sama nesa ba kusa ba. Ba a tambayi mutanen ƙasa ba kafin a gina.

Tafkin Chadi ma akwai gyara a labarinsa. Kullum ana cewa ya ƙafe da kashi 90 cikin 100. Gaskiya ne ya sauko daga kusan murabba'in kilomita 25,000 a shekarun 1960 zuwa kusan 2,000 a tsakiyar 1980, amma nazarin tauraron ɗan'adam da aka buga a 2020 ya nuna ba ya ci gaba da ƙafewa a shekara 20 da suka gabace shi. Mutanen tafkin sun daɗe da sanin yana cika yana ja, mutum ɗaya ya yi su, ya yi noma a inda ruwa ya janye, ya yi kiwo. Abin da ya karya su shi ne yaƙi, da hana zirga-zirga, da takunkumin da aka taɓa sa wa cinikin kifi da tattasai a Diffa. Bambancin yana da nauyi, domin idan ka yarda tafkin mutuwa yake yi, za ka nemi biliyoyin daloli ka jawo ruwa daga kogin Kwango. Idan ka yarda hanya ce ta toshe, aikin daban ne.

An yi gargaɗi, sai me?

Kowace shekara hukumar hasashen yanayi ta NiMet na fitar da hasashen damina tun farkon shekara, hukumar lura da koguna ta NIHSA ta biyo da jerin ƙananan hukumomin da ambaliya za ta iya shafa, hukumar agajin gaggawa ta NEMA ta rubuta wa gwamnoni. Bayan bala'i sai a ce ai mun gargaɗe su, taurin kai ne. Amma gargaɗin da ya ce jihohi 30 na cikin haɗari tsakanin Yuli da Nuwamba bai gaya wa mai gida a Auyo daren da zai kwashe iyalinsa ba. Kuma ya tashi ya je ina? Wa zai tsare masa awaki da rumbu? Idan ya bar filin, zai dawo ya same shi? Manomin fadama ba don wauta yake zaune a bakin ruwa ba, nan ne abincinsa.

Bangladesh ce ake buga misali da ita. Guguwar teku ta 1970 ta kashe aƙalla mutum 300,000, ta 1991 kimanin 138,000. A 2020, da guguwar Amphan ta zo, an kwashe fiye da mutum miliyan 2, waɗanda suka mutu a ƙasar ba su kai 30 ba. Ba arziki suka yi ba a tsakani. Sun gina dubban mafaka, da yawansu makarantu ne a sauran ranaku, sun horar da dubban 'yan sa-kai maza da mata da ke bi gida-gida da lasifika, kowa ya san inda zai nufa. Mu ma muna da masu unguwanni, limamai da gidajen rediyo da ake saurare, abin da babu shi ne wurin zuwa da wanda aka ɗora wa alhakin cewa yanzu.

Wani sabon reshe na binciken yana gwada ba da kuɗi kafin ruwa ya iso maimakon buhun shinkafa bayan wata biyu. An gwada a bakin kogin Jamuna na Bangladesh a 2020, an gwada a wasu ƙauyukan Adamawa a 2022. A duka biyun, gidajen da suka karɓa da wuri sun fi ɗaukar matakin kare kai, sun kuma fi kauce wa irin matakan da Watts ya ce ba a dawowa daga gare su.

Wa ke biya, wa ke tambaya

Wani nazari da kwamitin masana yanayi na Majalisar Ɗinkin Duniya ya kafa hujja da shi a 2022 ya gano cewa daga 1990 zuwa 2020 kashi 3.8 cikin 100 kacal na kuɗin binciken yanayi aka kashe a kan Afirka, kuma kashi 78 na wannan ɗan kaɗan ɗin cibiyoyin Turai da Arewacin Amurka ne suka karɓa. Mai biyan kuɗi shi ke zaɓar tambaya. Malamin Kano ko na Yamai sau da yawa aikinsa tattara bayanai ne, a rubuta sakamakon da Turanci ko Faransanci a mujallar da ko shi sai ya biya zai karanta, mutanen ƙauyen da suka amsa tambayoyi kuma ba za su sake jin ɗuriyar maganar ba. Ba a rasa cibiyoyi ba: Cibiyar Binciken Aikin Gona (IAR) a Samaru, Cibiyar Noman Busasshiyar Ƙasa a Jami'ar Bayero, Cibiyar Binciken Tafkin Chadi a Maiduguri, cibiyar binciken amfanin gona ta ICRISAT a Sadore ta Nijar, cibiyar nazarin yanayi da ruwa ta AGRHYMET a Yamai. Irin gero, wake da masara masu saurin nuna da suka fitar suna nan. Malamin gona da zai kai su ƙauye ne ya yi ƙaranci. Tashoshin auna yanayi ma, Hukumar Yanayi ta Duniya ta ce abin da Afirka ke da shi kusan kashi ɗaya cikin takwas ne na mafi ƙarancin da ake buƙata, shi ya sa hasashen ke zama na jiha maimakon na gari.

A fagen duniya, ƙasashe masu arziki sun yi alkawari a 2009 cewa nan da 2020 za su riƙa ba ƙasashe masu tasowa dala biliyan 100 a shekara, ba su cika ba sai 2022. A taron yanayi na duniya da aka yi a Masar a 2022 aka amince da asusun biyan asara, a na Baku a 2024 aka ɗaga alkawarin zuwa biliyan 300 a shekara nan da 2035. Kaso mai yawa na irin wannan kuɗi rance ne. Shirin farfaɗo da ƙasa na ACReSAL da ke aiki a jihohin Arewa 19 da Abuja, dala miliyan 700 ne daga Bankin Duniya da aka amince da su a ƙarshen 2021, kuma bashi ne da za a biya. Irin waɗannan shirye-shirye sun fi son ƙirga itatuwan da aka dasa da hektocin da aka zagaye, domin su ne ke da saukin ɗauka a hoto. Manomin da aka zagaye fili a garinsu yana da haƙƙin ya tambayi nawa ne suka rayu bayan rani uku, sunan wa ke kan filin, kuma idan itatuwan sun girma wa ke da ikon sarar reshe.